Jinin Inna da Nonon Surukarta

Mahaifiyarmu, wadda kowa a Furfuri yake kira Inna, ba ta taɓa yarda allura ta shiga jikinta ba sai da ta haura shekara sittin, kuma wadda ta fara shigar ma ba ta magani ba ce. Kafin nan, in ka ce mata asibiti sai ta dube ka sama da ƙasa, ta tambaye ka ko sabara ta ƙare a daji. Gajeruwar mace ce mai ƙarfin murya. In ta yanke magana, ko Baba, Allah ya jiƙansa, sai dai ya gyara zaman hularsa ya fita. Ni na gaji bakinta amma ban gaji juriyarta ga aiki ba, shi ya sa muka fi kowa faɗa a gidan, muka kuma fi kowa shiri.

A unguwarmu ita ake aika wa in an haihu. Ba ungozoma ba ce, amma ita take tsaya wa mai jego. Ta san zafin da ruwan wanka ya kamata ya kai, ta san kaurin kunun kanwa, kuma ita ce mai gwada nono. Yadda ake yi shi ne a tatsi kaɗan a ludayi, a kamo tururuwa a jefa a ciki. In ta yi iyo ta kama gefe ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, to nono ba shi da kyau, sai an nemi magani ko a raba yaro da shi. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayin tururuwar.

Yayanmu namiji manomi ne, mutum mai shiru, wanda in Inna ta ce rana ta faɗi ba zai ɗaga kai ya duba ba. Matarsa 'yar 'Yankuzo ce a ƙasar Tsafe, doguwa, mai sanyin hali da hannun tuwo. Tun da aka kawo ta nake tsokanarta, kamar yadda kowace ƙanwar miji take yi. Nakan ce mata an kawo mana sanda a maimakon amarya, ita kuma ta yi murmushi ta ƙara mini miya. Ban taɓa jin ta ɗaga wa Inna murya ba, kuma Inna tana son ta, wannan kam zan shaida ko a gaban wa.

Ɗanta na fari namiji ne. Bai kai shekara biyu ba ya rasu. Tun yana rarrafe hannayensa da ƙafafunsa suke kumbura, ya wuni yana tsala kuka, idanunsa su yi rawaya. An yi jiƙo, an yi turare, wanzami ya yi tsaga, duk a banza. Aka ce kwana ne ya ƙare, aka yi haƙuri. Bayansa ta haifi mace, ɓul-ɓul da ita, ko mura ba ta cika yi ba. Sai na uku, namiji, wanda aka haifa ba da daɗewa ba bayan an ba mu jiharmu. A lokacin ni na yi aure a Gusau, ina koyarwa a firamare, ina leƙa gida in an yi hutu.

Yaron ya fara rarrafe ke nan damina ta sauka, sai ga kumburin nan ya dawo gidanmu, a hannu da ƙafa, daidai irin na wansa. Inna ta zauna ta yi lissafinta: maza biyu, ciwo iri ɗaya, macen kuwa garau. Ta sa aka tatsi nono, ta jefa tururuwa, tururuwa ta mutu. An gwada nonon nan tun ranar suna an ce lafiya, amma Inna ta ce nono yakan juya. Ta yanke hukunci cewa nonon matar Yaya bai karɓi 'ya'ya maza ba, kuma in ba a raba yaron da shi ba zai bi ɗan'uwansa.

Da yake gida ɗaya suke, ba yadda za a yaye yaro uwarsa tana gilmawa a gabansa. Sai aka ce ta tafi 'Yankuzo da 'yarta ta huta, har ya manta da nonon. Yaya ya ba ni labari daga baya cewa ba ta yi musu ba ko da kalma ɗaya. Ta ɗaure kayanta, ta ce a riƙa rufe masa ƙafa in hadari ya taso, ta fita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita ma ta yarda. Ta tafi ne da imanin cewa da nononta ta kashe ɗanta na fari, kuma saura kaɗan ta kashe na biyu.

Magana kuwa ba ta tsaya a cikin gida ba. Abin da Inna ta faɗa a tsakar gidanta ya je rijiya, ya je kasuwar Bungudu, ya riga matar Yaya isa garinsu. Aka fara ce mata mai mugun nono. Mahaifinta ya fusata, ya aiko cewa 'yarsa ba za ta koma gidan da ake kiranta mai kashe 'ya'ya ba. Abin da aka fara da sunan hutu sai ga shi yana neman zama rabuwar aure, Yaya kuma yana tsaye a tsakani kamar an dasa shi.

Da na zo gida na tarar da abin, ni da Inna muka yi ta, har maƙwabta suka leƙo. Yaron yana goye a bayanta, ya rame, tana ɗura masa madarar akuya da koko da ƙaramin cokali. Kwana take ba ta runtsa ba saboda shi, idanunta duk sun faɗa. Na ce a kai shi asibiti.

"Mi asibiti za ta yi mishi da ban yi ba?" in ji ta. "Ɗiya maza biyu, ciwo guda, macen ga ta nan garau. Ke da kika yi boko, hwaɗa mani mi an nan in ba nono ba."

Bokon nawa bai kai nan ba, kuma na ji haushin hakan ƙwarai. Na koma Gusau ina cika ina batsewa.

Ciwon ne ya yi mini maganar da na kasa. An raba yaron da nono, amma kumburi bai fasa ba, sai ma zazzaɓi da ya ƙaru, jikinsa ya yi fari fat. Wata safiya sai ga Yaya a ƙofar gidana, bayansa Inna da goyo. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Cewa ta yi ba za ta bar jikanta a hannun mutanen da ba ta sani ba, don haka duk inda za a kai shi ƙafarta ƙafarsa.

Aka ba mu gado a ɗakin yara, aka sa masa ruwa, aka ɗebi jininsa. Likitan matashi ne, siriri, mai Hausar Kano. Duk ya juya baya sai Inna ta kwaikwayi maganarsa, har matar da ke gadon kusa da mu ta riƙa toshe baki. Amma yana da abu ɗaya da ya saye ta: in zai yi mata magana sai ya jawo kujera ya zauna, ya ce mata Baba, ya bar ta ta gama nata tukuna. Ya ce yana zargin wani ciwo, amma ba zai faɗa ba sai gwaji ya fito, kuma yana so a ɗebi jinin uban ma. Yaya ya miƙa hannu. Inna ta bi kwalbar da harara, domin a wurinta duk jinin da ya shiga asibiti sayar da shi ake yi.

Gwajin bai fito da wuri ba. A lokacin sai an tara jinin mutane da dama kafin a kunna na'urar, kuma sai wuta ta ga dama. Ni da shisshigi na bi malamin ɗakin gwaji har ya gaji da ni ya nuna mini. Wata 'yar farar takarda ce ake ɗiga jini a kai, a sa ta cikin wani akwati mai ruwa, a jona da lantarki. In an jima sai jinin kowa ya ja jiki ya tsaya a matsayinsa, ya bar jan layi. Na wani layi ɗaya a gaba, na wani layi ɗaya a baya, na wani kuma biyu. Na tsaya ina kallo baki buɗe. Abin da mutum ya gado tun daga kakannin da bai taɓa gani ba, ga shi kwance a kan takardar da ba ta kai tafin hannuna ba.

Likita ya tara mu a ofishinsa, ni da Inna da Yaya. Ya ce yaron yana da amosanin jini, wanda ake kira sikila. Ya ce kowane mutum kaso biyu yake ɗauke da shi na irin jininsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai lafiyayyen kaso biyu shi ake ce wa AA. Mai lafiyayye ɗaya da mai matsala ɗaya shi ne AS, kuma shi lafiyarsa ƙalau, zai yi noma ya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Amma in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki aka samu yana iya haɗa masu matsalar biyu, a haifi SS, shi ne mai ciwon. Wani cikin ya haɗa, wani ya tsallake, kuma babu ruwansa da namiji ne ko mace.

Inna ta ce, "To ai uwar ba ta nan, ba ku gwada ta ba."

"Ba sai na gan ta ba, Baba," in ji shi. "Tunda yaron SS ne, dole ya samo ɗaya daga gare ta, ɗaya daga mahaifinsa. Ga shi kuwa mun gwada mahaifin, AS ne."

Yaya ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da satar akuya. Ni ce na kawo maganar nono, don na san Inna ba za ta kawo ba. Likita ya saurari labarin tururuwa har ƙarshe bai yi dariya ba, abin da har yau nake gode masa. Ya ce ciwon nan tun yaro yana ciki yake tare da shi, nono ba ya kawo shi kuma ba ya ƙara shi. Ya ce a halin da yaron yake, babu abin da ya fi bukata kamar nonon uwarsa, in da hali a mayar da shi. Game da wanda ya rasu kuma, ya ce bai gan shi ba, amma yadda muka kwatanta, da wuya in ba ciwon nan ba ne.

Na zaci Inna za ta tashi ta kaɗe zane ta ce ƙaryar 'yan boko ce. Na ma shirya amsar da zan ba ta. Sai na ga ta juya tana kallon Yaya, kallo mai tsawo.

"Likita, tsaya," ta ce. "Kac ce uwa da uba. To shi wanga, ina yas samo nashi?"

"Ko daga gare ki, ko daga mahaifinsa."

Baba ya rasu da jimawa a lokacin. Ga ƙofar kuɓuta a buɗe wa Inna, kowa a ɗakin ya gan ta. Ni kaina, da duk faɗan da na yi da ita, sai na ji tausayinta ya kama ni, na matsa kusa na ce mata a hankali, "Inna, a bar zancen nan haka nan. Ƙila wajen Baba na." Likita ma ya ce ba dole ba ne a gwada ta, ba zai canza maganin yaro ba.

Ta juyo ta watsa mini idon nan da na sani tun ina ƙarama.

"Ba ni aza ma mamaci kayan da ba shi iya saukewa. Ni ina nan da raina. A ɗebi nawa."

Na raka ta ɗakin gwaji. Matar da ta shekara sittin tana gudun allura ta zauna a benci, ta janye mayafi, ta miƙa hannu. Ta kawar da kai tana salati, ta damƙe yatsuna da ɗaya hannun har sai da na ji kamar za su karye. Da aka gama ta dubi malamin ta ce in ya sayar da jinin ta yafe masa, amma ya fara gwadawa tukuna. Ni dariya ta zo mini, hawaye ma suka zo, na rasa wanda zan fara.

Da sakamako ya fito, layi biyu ne. Inna AS ce. Ta sa aka nuna mata takardar, ta ƙura mata ido duk da ba ta karatun boko, ta sa malamin ya nuna mata nata da na ɗanta a jere. Muka fito muka zauna a gindin wani dogon yaro a harabar asibiti. A nan ta ba ni labarin wani ƙanenta da ban taɓa jin an ambata ba, wanda duk damina yakan kwanta yana kukan ƙashi, ana ce masa raki, har ya rasu bai yi kaciya ba. Ta ce, "Ashe tun can abin ga shike gidanmu." Sannan ta ƙara da cewa, "Na zalunci ɗiyar mutane."

Yanzu 'ya'yanmu suna ba ni labarin cewa likitoci na iya karanta dukkan ƙwayoyin gadon da ke jikin mutum, su gane cutar da ke jiransa tun kafin ta taso, har su zaɓa masa maganin da ya dace da jininsa. A wancan lokacin ma mukan ji a rediyo cewa masana a ƙasashen waje sun duƙufa kan wannan aiki, muna jin sa kamar tatsuniya. Ina jinjina musu. Amma na ga da idona cewa ilimin nan ba ya shiga gida sai an samu wanda zai yarda a fara da shi, ko da abin da za a gano ba zai yi masa daɗi ba. A danginmu Inna ce. Daga baya babu auren da aka ɗaura a zuri'arta ba a je Gusau an yi gwaji ba, tun kafin abin ya zama ruwan dare, kuma ta sha zagi a kan haka, musamman da ta hana wani auren zumunci da ita da kanta ta ƙulla. Yaron kuwa yana nan da ransa, tela ne, sanyi yakan kwantar da shi ya tashi. Amma na yi gaba da yawa, bari in koma.

Da aka sallame mu, Yaya ya ce zai je ya sami baffanninmu su shirya biko, wato su je su ba iyayen matarsa haƙuri su dawo da ita. Haka aka saba, maza dattawa ne suke zuwa, su zauna a zaure su yi magana da maza. Uwar miji ba ta zuwa biko. Ko a biki ma surukai mata kunyar juna suke ji, gaisuwa daga nesa-nesa.

Inna ta ce, "Baffanninka sunka ɓata? Ni niɓ ɓata, ni ka zuwa."

Yaya ya ce mutane za su yi magana. Ta ce ai maganar mutane ce ta kai mu inda muke. Ba ta ko koma Furfuri ba. Daga gidana muka wuce tasha, ita da goyon jikanta, ni ina riƙe da magungunansa da ƙullin goro. Yaya muka bar shi a baya, domin ta ce wannan ba tafiyarsa ba ce.

Motar Tsafe ta cika maƙil, gero ya yi tsawo a gefen hanya har ba a ganin ƙauyuka sai rufin ɗakuna. Daga Tsafe muka samu a-kori-kura mai shiga 'Yankuzo, hanya duk taɓo, muna tafe ana sauka ana turawa. Wani ya ba Inna gaba ta zauna saboda goyo. Tun daga Gusau har muka isa ba ta tanka mini ba, ni kuma karo na farko a rayuwata na iya riƙe bakina.

Mun isa bayan azahar. Mahaifiyar matar Yaya ta fito daga madafa, ta gan mu ta tsaya cak. Ta yi mana sannu da zuwa irin wadda ba ta kai ciki ba, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha. Inna ta ƙi taɓa ruwan. Ta ce ba za ta sha ba sai ta sauke abin da ta ɗauko, kuma tana roƙon alfarma a kira mata matan maƙwabta, duk wadda ke kusa.

"Maƙwabta kuma? Lahiya?" in ji matar gidan.

"Sun ji na hwarko, ina son su ji wanga."

Kafin a jima tsakar gida ta cika. Wasu da muciya a hannu, wasu da yara a kafaɗa, kowa ta zo ganin uwar mijin da ta zo biko da ƙafarta. Na hango inuwar maigidan a bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida, ya tsaya bai shigo ba. Matar Yaya kuwa tana cikin ɗaki, labule a sake, ba ta fito ba.

Inna ba ta zauna a tabarmar ba. Durƙusawa ta yi a ƙasa, da goyonta, a gaban matar da ta girme wa nesa ba kusa ba. Na ji kunya ta rufe ni, sannan na ji wani abu ya cika mini ƙirji wanda ba kunya ba ne. Ta ɗaga muryar nan tata da ake ji daga rijiya.

"Ni nic ce nonon ɗiyarku ba shi da kyau. Da bakin ga nawa na hwaɗi, kuma kowa ya ji. To na zo in shaida muku kure niy yi. Mun tahi asibiti Gusau, an gwada jinin yaron ga, an gwada na ubanai, an gwada nawa. Ciwon ga gado na, cikin jini shike tun yaro na ciki. Rabi daga wajenku, rabi daga wajenmu, kuma namu rabin ga jikina anka ishe shi."

Ta janye mayafi ta nuna musu gwiwar hannunta, inda allura ta bar ɗan tabo.

"Ga inda anka soka. Ba laihin kowa, haka Allah ya halicce mu, ba mu sani ba. Laihin da ad akwai na baki na, kuma nawa na. Nonon ɗiyarku lahiya lau shike. Wadda duk tak kai waccan magana wani wuri, don Allah ta kai wagga."

Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah." Matar gidan ta rasa abin yi, sai ita ma ta durƙusa, ta kama hannun Inna tana cewa ta tashi don girman Allah, ta tashi. Daga bayan zana maigidan ya yi gyaran murya, ya ce, "Hajiya, ya isa. Wallahi ya isa. Ku ba ta ruwa."

Sai labule ya motsa. Matar Yaya ta fito, ta rame har na kusa kasa gane ta, gaban rigarta da alamar jiƙewa. Uwarta ta faɗa mini daga baya cewa nonon ya ƙi ƙafewa duk da jiƙon da aka ba ta, kullum sai ta tatsar ta zubar a bayan ɗaki. Yaron ya hango ta daga bayan Inna, ya fara zillo yana miƙa hannayen nan nasa da ba su gama saɓewa ba. Inna ta kwance goyo ta miƙa mata shi.

Ba ta karɓa ba. Ta mayar da hannayenta baya ta riƙe, kamar mai gudun taɓa wuta. Yaron yana kuka, ita tana tsaye.

"Amshi ɗanki ki ba shi," in ji Inna. "Likita ya ce shi ya hi bukata."

Ta dubi Inna, abin da ban taɓa ganin ta yi ido da ido ba.

"Inna, wancan hwa? Na hwarin?"

"Shi ma ciwon ga na."

"Ba ni nik kashe shi ba?"

"Ba ke ta ba, ɗiyata. Wallahi ba ke ta ba. Ke kin shayar da shi, kin yi jinya tai, Allah ya amshi abinai."

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko yana raye ko ya mutu. Kunya ce, kuma matar Yaya ta fi kowa kiyaye ta, ko ranar da aka ɗauki gawarsa ba wanda ya ga hawayenta. A tsakar gidan nan, a gaban uwarta da uwar mijinta da matan unguwa, mahaifinta yana ji daga bayan zana, ta buɗe baki ta kira sunansa da ƙarfi, ta sake kira. Ba wadda ta ce mata kul. Ta sulale ta zauna a ƙasa, ta karɓi ƙanensa, ta ɗaga riga ta sa shi a nono, tana kuka yana sha.